Takalmin Hajiya Balaraba

Tun da na daina fita da baƙi, 'yan mata ke ta zuwa ofishin Yaya Sani a ginin Tianxiu, nan Guangzhou, wai in nuna musu aikin. Kowacce da irin maganar da take fara yi: ai yawon buɗe ido ne kawai, a biya miki mota, a saya miki abinci, a ɗauke ki hoto a bakin kogi. Ba na iya zama in ba su labarin da baki, don idan na kai wani wuri muryata yankewa take yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Wadda take son aikin ta karanta tukuna.

Sunan aikin rakiya. 'Yan kasuwa suna zuwa Guangzhou daga Kano, daga Maradi, daga Yamai, su yi sayayya a Zhanxi Lu, sannan su zauna jiran a loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Wani ya taho da mahaifiyarsa, wani da matarsa, wata kuma Hajiyar ita ce mai dukiyar da kanta. Maza suna da wurin zuwa. Matan kuwa in aka bar su a otal kwana biyu sai rigima ta tashi, kuma ba a haɗa su da namiji ya yi ta yawo da su a gari. To nan ne 'yar rakiya take shigowa. Ni na zo garin nan ne bayan na gama sakandare, shekarar da Hong Kong ta koma hannun China, don in taya matar Yaya zaman jego. Jego ya ƙare, ni ban koma ba.

Wadda ta koya min aikin wata Musulma ce 'yar ƙasar, muna ce mata Ma Ayi, wato kamar ka ce Inna Ma. Ta daɗe tana raka matan Larabawa, tana jin Larabci da ɗan Turanci. Watannin farko ba ta bar ni na buɗe baki ba, jaka kawai nake riƙe mata. A cikin jakar akwai buta ta roba, da sallaya mai naɗewa, da lema, da takardar goge hannu mai yawa don banɗakunan nan ba sa ajiyewa, da dabino, da ƙaramin kamfas na duba alƙibla. Akwai kuma katin otal mai rubutun Sinanci, wanda ake maƙala wa baƙuwa a bakin mayafi da fil, ko tana so ko ba ta so. Ma Ayi ta ce min sanin wuraren kallo ba shi ne aikin ba, wannan ko direban tasi ya sani. Aikin shi ne ki san inda banɗaki yake kafin a tambaye ki, ki san inda za a shimfiɗa sallaya ɗan sanda bai zo ya tsaya a kanku ba, ki gane alamar halal a ƙofar gidan abinci tun daga nesa. Kuma ba a tafiya a gaban baƙuwa. A bayanta ake tafiya, ta ɓangaren titi.

Rubutunsu kuwa, har yau abin da na iya karantawa bai wuce mashiga, mafita, banɗakin mata da alamar halal ba. Magana ma ta kasuwa ce: sannu, na gode, nawa ne, lauban in za ki kira mai shago, meyo in an ce babu. Tsofaffin garin kuma wani yaren suke yi daban, wanda ko wannan ɗin bai shiga cikinsa ba.

Baƙuwar da na fara rakawa ni kaɗai wata Hajiya ce mai sayar da atamfa. Na kai ta lambun Yuexiu ta ga gunkin awakin nan biyar da garin yake taƙama da shi. Ta zagaya shi, ta ce ita a garinsu akuya ba a yi mata gini, yanka ta ake yi. A tsibirin Shamian, inda amare suke zuwa ɗaukar hoto a gaban tsofaffin gidajen Turawa, ta je ta kama gefen rigar wata amarya tana murzawa, ta juyo ta ce min yadin ba shi da kyau, wanki ɗaya zai mutu. Haka Kanawa suke, duk inda kika kai su kasuwa suke gani. Mutanen Maradi ba su da hayaniya, su dai a kai su jirgin ruwa a Kogin Lu'ulu'u, a kai su ziyara kabarin da ake cewa na wani Sahabi ne, su yi addu'a su yi kuka su koma. Akwai wadda na kai gidan tarihi inda aka ajiye wani sarki da aka tono cikin rigar duwatsu. Ta tsaya ta kalle shi, ta ce a fitar da ita, wannan tonon asiri ne, mutum ya mutu a bar shi ya huta.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ba a gaya muku shi ne, in aka miƙa miki uwar mutum da safe, babu wanda zai tambaye ki abin da ta gani. Yadda aka ba ki ita haka ake so ki dawo da ita.

Shekarar da ta lalace mana ita ce ta biyu da fara aikina. Akwai wani lokaci a nan, bayan sanyi ya wuce, da bango yake zufa. Ba ruwan sama ba ne. Ki tashi ki tarar da ruwa yana gangarowa a jikin bangon ɗaki, madubi ya rufe, ƙasa tana santsi, kayan da kika shanya sun fi jiya jiƙewa. A shekarar abin ya daɗe fiye da yadda aka saba. Kwalaye suka yi laushi a sito, takalma suka yi fumfuna tun ba a loda su ba, 'yan kasuwa kowa ransa a ɓace, baƙi suka yi ƙaranci. Ma Ayi kuma ta tafi garinsu can arewa jinyar mahaifiyarta. A wannan lokacin ne Alhaji Nasiru, wani abokin cinikin Yaya, ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Balaraba.

Hajiya Balaraba ta tsufa a cinikin takalma a Ƙofar Wambai, ita ta ɗora ɗan nata a kan sana'ar. Doguwa ce, mai jiki, mai son raha, kullum cikin farin mayafi. Tana da ciwon suga, ƙafafunta a kumbure. Da safen da zan fita da ita, Alhaji Nasiru ya ja ni gefe a ƙofar otal ya ce shi zai wuce Huangpu. Ya ce likita ya gargaɗe su, ko ƙaya ba a so ta taka, don in ta ji rauni a ƙafa ba ya warkewa, kuma ita ba ta ma jin zafin. Ya ce in kai ta duk inda take so, amma in dawo da ita kafin la'asar, kuma in sa ido a kan ƙafar. Na ce in sha Allahu.

Muka fara da wani tsohon masallaci mai hasumiya. Da muka fito ta ce ita ba za ta shiga mota ba, lunguna take son gani. Ƙasa duk a jiƙe, takalminta na fata ya sha ruwa ya fara gurzar mata dunduniya. Muna cikin tafiya a wani siririn lungu sai ta tsaya a ƙofar wani shago.

Shagon ba kamar sauran ba ne. Babu kiɗa, babu mai tsayawa a ƙofa yana kiran mutane. Wani tsoho ne zaune a can ciki, bai ko tashi ba. An rataye riguna na siliki, shuɗi da ruwan ƙasa, a ƙasansu kuma an jera takalma na yadi. Hajiya ta shafa wata riga, ta ce in duba, babu maɓalli ko ɗaya sai igiyoyi, kuma babu aljihu. Ta ce tela ne ya yi rowa. Sannan ta ɗauki takalmi, ta yi masa abin da duk mai sana'ar yake yi: ta auna nauyinsa a hannu, ta lanƙwasa shi, ta shinshina, ta juya tafinsa. A tafin, inda ake takawa, an ɗinka fure da jan zare, a gefensa kuma wani abu kamar tsani.

"Kin gani ko, 'yar nan? Har inda ba a gani sun yi wa ado. Wannan na amare ne, wadda za a ɗauka daga mota zuwa ɗaki. In na kai wannan Kano sai an yi layi."

Na tambayi tsohon kuɗinsa. Maimakon ya faɗa, sai ya tambaye ni na wane ne. Na nuna Hajiya. Ya daɗe yana kallon fuskarta, ya tambayi shekarunta, na nuna masa da yatsu. Ya gyaɗa kai, ya faɗi wata magana da na tsinci kalmar tsawon rai a ciki, ya je ya zaɓo wanda zai yi mata. Da Hajiya ta fara taya shi kamar yadda ta saba, sai kawai ya karɓi takalmin ya mayar inda ya ɗauko shi, ya koma ya zauna. Hajiya ta yi dariya, ta ce yau ta ga ɗan China da ba ya ciniki, lallai kayan na da kyau. Ta biya yadda ya ce.

Sai ta ja kujera ta zauna, ta tuɓe nata, ta zura ƙafa a sabon. A nan ne tsohon ya miƙe da sauri har ya ture kofin shayinsa. Ya zo ya riƙe mata wuyan hannu yana girgiza kai, yana magana da yaren nan da ba na ji. Hajiya ta fizge hannunta, ranta ya ɓaci, ta ce in gaya masa ita matar aure ce tun kafin a haifi 'ya'yansa, kuma abin da ta saya da kuɗinta za ta sa. Ta miƙe, ta ce kai, laushi kamar ba ta sa komai ba. Muka fita. Da na waiwaya, yana tsaye a bakin ƙofa bai ƙetare ba, riƙe da tsohon takalminta da ta bari.

Dutsen Baiyun take son hawa, don ɗanta ya ba ta labarin keken da yake tafiya a kan waya, ana hango gari duka. Na tsayar da tasi. Direban ya yarda, na buɗe ƙofa, Hajiya ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Ya kalli ƙafar, ya ce meyo, ya ja motarsa ƙofa a buɗe. Na biyu ma haka ya yi. Muka shiga bas. Mu baƙaƙen fata mun saba da kallo a garin nan, kuma na san irinsa: fuska ake kallo, da hannu, wani lokaci a yi dariya. Wannan karon ƙasa kowa yake kallo, kuma babu mai dariya. Mutanen da ke kusa da mu suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma gaba suka tsaya, alhali ga kujeru. Wata tsohuwa ta sa tafin hannu ta rufe wa jikarta ido.

Na ce wa Hajiya ko za mu koma otal ta canja takalmi, jikina bai ba ni ba. Ta ce ita an kalle ta a Makka, an kalle ta a Dubai, kallon Guangzhou ba zai hana ta hawa dutse ba. Ta ce in ina jin tsoro in riƙe mata mayafi. Ku da kuke son aikin nan, ku sani akwai iyakar abin da za ki iya gaya wa wadda ta haifi sa'ar uwarki.

Ashe lokacin ya zo daidai da makon da mutanen garin suke ziyarar kaburburan kakanninsu. A gindin dutsen iyalai ne cike, wasu ɗauke da gasasshen alade sukutum a kan katako, wasu da rake, wasu da damin takardu masu launi da suke ƙonawa. Hazo ya rufe dutsen, irin nasu mai jiƙa mutum. Muka shiga keken wayar. Tun bai yi nisa ba ƙasa ta ɓace, sama ta ɓace, sai ƙarar waya da ɗigar ruwa. Hajiya ta ce to ina garin da aka ce za a gani? Na ce wataƙila a can sama ya washe. Bai washe ba.

Da muka sauka azahar ta yi. Hajiya ta ce za ta yi alwala, butar kuma babu ruwa. Na san akwai famfo a bayan wani shagon shayi, nan kusa, har ana hango rufinsa. Na zaunar da ita a benci, na duba kamfas, na shimfiɗa mata sallaya, na ce ta yi wa Allah kada ta motsa. Ta ce da wace ƙafar za ta motsa? Daga inda muka sauka zuwa bencin ma sai da ta huta a hanya.

Na cika buta na dawo. Ga benci, ga sallaya, ga jakarta. Babu Hajiya.

Na kira ta. Hazon nan yana haɗiye murya, kamar kina magana a cikin bargo. Na tambayi mai shagon shayi, na tambayi mai share hanya, na kwatanta musu da hannu: doguwa, baƙa, farin mayafi. Mace irin wannan ba ta ɓuya a China. Kowa ya ce meyo. Tokar takardun da ake ƙonawa tana ta yawo a iska tana sauka min a fuska. Sai na sunkuya zan ɗauki jakarta, na ga ja a kan dutsen da aka shimfiɗa a ƙasa. Na zaci jini ne. Na taɓa, ashe rinin zaren ne yake zuba. Sawun takalmin ne. Ga wani a gaba, ga wani kuma, kowanne da ɗan zanen fure.

Sawun bai bi hanyar mutane ba. Ya sauka ta gefe, ta wata 'yar turba mai santsi tsakanin gora da bishiyoyi, inda ni mai lafiya sai da na riƙa dafa ƙasa. Ina tafiya ina tsintar guntayen jan zare da wani abu fari-fari da ya jiƙe ya narke kamar takarda. Na yi nisa har na daina jin motsin mutane. Abin da nake ta tambayar kaina shi ne, yaya matar da ta kasa kai kanta benci ta sauko nan, kuma ba alamar ta zame ko sau ɗaya?

Ƙamshin turare na fara ji, sannan na gan su. Tsofaffin kaburburan mutanen nan ana gina su ne kamar kujera mai hannu, da majingina, suna kallon gangare. Wanda bai sani ba zai ce wurin hutawa ne. Hajiya Balaraba tana zaune a tsakiyar ɗaya, ta jingina, ta miƙe ƙafafu, mayafinta fari tas. A gabanta iyali guda ne a tsaye, maza da mata, kowa riƙe da tsinken turare yana ci har ya kusa kai musu yatsu, ba mai motsi. Ƙafafunta babu takalmi. Dunduniyar hagu ta tsage tana jini. Takalman kuma ga su an jera su daidai a gaban dutsen da aka rubuta sunan mai kabarin, bakinsu yana kallon ciki.

Wata matashiya mai tabarau a cikinsu tana jin Turanci. Ta matso kusa da ni, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce kabarin kakar mahaifinsu ne. Sun sunkuya suna gaisuwa irin tasu, da suka ɗago sai suka gan ta a zaune, babu wanda ya ji zuwanta. Ta tambaye ni a ina muka samo takalman. Na gaya mata. Ta ce wannan shago kayan gawa yake sayarwa. Tsofaffi sukan saya su ajiye tun da ransu, ana ganin hakan yana ƙara kwana, amma mai rai ba ya sawa. Rigar babu aljihu don ba a tafiya da komai. Tafin takalmin takarda ce aka rufe da yadi, don ba a yi shi ya taka ƙasa ba. Furen na takawa ne a can, tsanin na hawa.

Na durƙusa na kama hannun Hajiya. Da ɗumi, idonta sarai, ta gane ni. Ta ce ina na tsaya haka, ta gaji da jira. Na ce Hajiya wa ya kawo ki nan? Ta ce wata 'yar tsohuwa ce, ƙarama, mai tafiya tana rangaji kamar ƙasa na ƙona ta. Ta zo ta zauna kusa da ita a benci, suka yi ta hirar ciwon ƙafa, sannan ta ce ta zo ta ga gidanta, ta riƙe mata hannu har nan. Na ce da wane yare kuka yi hirar? Ta harare ni, ta ce tsofaffi ai sun san maganar juna. Ta ce matar ta yaba takalmin, ta ce nata sun daɗe da lalacewa, ita kuwa ba za ta zo gidan mutum a nuna sha'awar abu ta hana ba.

"To tana ina yanzu, Hajiya?"

"Ta gwada sun yi mata yawa. Ta shiga ciki, yanzu za ta dawo." Ta nuna bayanta da babban yatsa, inda babu komai sai dutse.

Ni Musulma ce, na san wanda ya mutu ba ya dawowa. Na san kuma mai ciwon suga in sugansa ya faɗi yakan ga abin da babu. Na tura mata dabino a baki ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina maimaita wa kaina waɗannan abubuwa biyu. Har yanzu ina maimaita su.

Na yage gefen ɗankwalina na ɗaure mata dunduniya. Ni da mai tabarau muka sa ta a tsakiya, mazan suna gaba suna share mana hanya, wani wuri na goya ta. Hawan da muka yi ya fi saukar wuya nesa ba kusa ba. Sun roƙe mu mu bar takalman a inda suke, ni ma ban yi niyyar taɓa su ba. Da za mu rabu matashiyar ta ba mu alewa, ta ce mu sha kafin mu shiga gida, haka suke yi in an dawo daga wurin mutuwa. Hajiya ta sha tata ta ce babu daɗi.

La'asar ta wuce sosai kafin mu kai otal. Alhaji Nasiru yana tsaye a ƙofa. Ya kalli ƙafar mahaifiyarsa, ya kalle ni, ya tsayar da mota suka wuce asibiti. Bayan 'yan kwanaki suka koma Kano. Na sake fita da baƙi kaɗan, amma sai na ga ina riƙe wa manyan mata hannu kamar yara, ina hana su shiga kowane shago, in na je ɗebo ruwa sai na ja su mun tafi tare. Aka fara kai ƙarata wurin Yaya. Na ajiye jakar.

Watanni suka wuce, Alhaji Nasiru ya dawo, ya ce yana son ganina. Na zaci faɗan da bai yi ba ne zai yi. Sai ya zauna ya ce Hajiya tana ci, tana sallah, tana zuwa shago tana ciniki, ba wanda zai ce wani abu ya same ta. Abu ɗaya ne: tun da ta koma ba ta sa takalmi ba. Ta ce ba zai yiwu ita tana yawo da takalmi ƙawarta ta kan dutse tana tafiya haka ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an kira 'yan uwanta sun yi mata magana, tana saurara ta yi dariya ta fita ƙafa a ƙasa. Raunin dunduniya ya ƙi rufewa, ya fara baƙi, likita ya fara maganar yankewa. Sai ya zaro wani zare daga aljihu, an ƙulle shi a kai da kai, irin yadda ake aiko awon ƙafa in za a yi wa mutum sayayya. Ya ce Hajiya ce ta ba shi, ta ce a ba yarinyar nan, ita ta san shagon, in an samo daidai wannan ita ma za ta sa nata. Ya ce bai tambaye ta inda ta auna ba.

Na shimfiɗa zaren a tafin hannuna. Bai kai tsawon tafin ba ma, ban da yatsu. Na ce wannan ai na jariri ne. Ya ce ta ce na tsohuwa ne.

Lokacin Ma Ayi ta dawo. Na kai mata, na ba ta labari. Ta kalli zaren, ta ƙi taɓawa. Ta ce a zamanin da, a wasu gidajen, ana ɗaure wa 'ya mace ƙafa tun tana ƙarama, a karya yatsun a naɗe su ƙarƙashi, don kada ƙafar ta girma. Matar takan tsufa da ƙafa kamar wannan, kuma in tana tafiya rangaji take yi. Ta ce an daina tun kafin a haifi mahaifiyarta. Ta tambaye ni ko na taɓa ba Hajiya wannan labarin. Na ce ni kaina yau na fara ji. Ta ce a matsayinta na Musulma ba za ta ce in je ba. Sannan ta ce amma ƙafar mutum ce za a yanke. Ta raka ni har bakin lungun ta tsaya.

Tsohon ya gane ni. Na ajiye zaren a kan teburinsa. Ya miƙar da shi da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo, wannan karon bai tambaye ni na wane ne ba. Ya ce babu irinsa, sai dai a ɗinka, in dawo. Da na koma ya miƙo min su a naɗe cikin takarda, duka biyun sun zauna a hannuna ɗaya. Ban buɗe ba. Na tambayi Alhaji Nasiru ko dutsen za a kai su. Ya ce a'a, Hajiya ta ce Kano za a kawo mata.

Makon jiya wayar ofis ta yi ƙara, Yaya ya ɗauka, ya ce da ni ake magana. Muryar Hajiya Balaraba ce, tana ta raha kamar ranar da na fara ganinta. Ta ce in gode wa Allah, ga ta nan da silifas a ƙafa, raunin ya fara haɗewa, likita ya ce ba sai an yanke ba. Ta yi ta sa min albarka, ta ce Allah ya ba ni miji nagari. Na ce amin, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Har zan ajiye sai ta ce in tsaya.

"Takalman sun yi wa ƙawata cif, kamar a ƙafarta aka ɗinka. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta tambaye ni sunan yarinyar da ta sha wannan wahala, wai tana so ta yi godiya da kanta. Na ce mata Ramlatu, ƙanwar Sani. Na ce ai tana nan garinku, ba ta tafi ko'ina ba."

Na ajiye wayar. Yaya ya ɗago daga aikinsa ya tambaye ni me ta ce. Na ce masa ta samu sauƙi.